Michael Faraday: Ɗan maƙerin da ya aza harsashin taransifoma

Duk unguwar da taransifoma ta lalace a Funtua ko Malumfashi, injinan niƙa kan yi tsit, masu walda su zauna, ƙanƙara ta yi tsada. Tushen wannan na'ura yana komawa ne ga wani ɗan maƙeri da bai yi nisa a boko ba.

An haifi Michael Faraday ranar 22 ga Satumban 1791 a kudancin Landan. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, inda ya shekara bakwai yana karance abin da aka kawo ɗinki.

A 1812 ya halarci laccocin masanin kimiyya Humphry Davy, ya rubuce su, ya ɗinke, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a cibiyar Royal Institution.

Ranar 29 ga Agustan 1831, Faraday ya nannaɗe wayoyi biyu a jikin zoben ƙarfe ba tare da sun haɗu ba. Ya jona ɗaya da batir, ɗayar kuma da ma'auni mai allura. Allurar ba ta motsi sai lokacin jonawa ko cirewa. Nan ya gane cewa sauyawar ƙarfin maganaɗisu ce ke haifar da wuta a waya ta biyu.

Shi ya sa taransifoma ke aiki da wuta mai kai-komo, wadda ke zagayawa sau 50 a daƙiƙa a Najeriya. Yawan naɗin kowane ɓangare ne ke ƙara ƙarfinta ko ya rage shi.

Har yau da wannan dabara ake auna wutar gida. 'Yar kwamfuta irin Arduino Uno volt 0 zuwa 5 kawai take karantawa, wutar gida mai volt 230 kuwa ƙone ta za ta yi. Sai a sa ƙaramar taransifoma ta sauko da wutar, a ƙara rage ta, sannan a ɗaga tsakiyarta zuwa volt 2.5 don kada ta sauka ƙasa da sifili. Da wannan awo ake iya katse wuta kafin ta lalata firji ko inji.

Faraday ya ƙi shugabancin ƙungiyar Royal Society, ya kuma ƙi taimakawa wajen haɗa makamai masu guba lokacin Yaƙin Crimea. Ya mutu ranar 25 ga Agustan 1867 yana da shekara 75.