Muhammadu Ibn Dawud, Malamin Bagadaza Da So Ya Kwantar

An haifi Abubakar Muhammadu ibn Dawud a shekara ta 255 ta Hijira, wato 868 ta Miladiyya. Mahaifinsa shi ne Dawud ibn Aliyu, wanda ya kafa mazhabar Zahiriyya, masu tsayawa a kan zahirin nassi, ba su yarda da ƙiyasi ba. Da uban ya rasu a shekara ta 270, sai yaron ya hau buzunsa a Bagadaza yana ba da fatawa, alhali bai wuce shekara 16 ba. Da farko manya sun raina shi, amma da suka gwada shi da tambayoyi sai suka kama bakinsu.

Sai dai ba fiƙihu ne ya fi sa ake tunawa da shi ba. Allah Ya jarrabe shi da son wani saurayi mai suna Muhammadu ibn Jami'u, so mai tsanani wanda ya bi shi har kushewa. Malaman tarihi, irin su Khaɗibul Bagadadi, ba su ɓoye wannan ba, ba su kuma jefe shi da alfasha ba, gama abin da aka ruwaito shi ne ya kame kansa. An ce saboda wannan saurayi ya tsara littafinsa Kitabuz Zahra, inda ya tattara waƙoƙin Larabawa, rabin littafin duk a kan so ne da wahalarsa.

Babban abokin jayayyarsa shi ne Ibn Suraij, jigon Shafi'iyya na zamanin. Ya taɓa goranta masa littafin nan ana tsakiyar munazara, shi kuwa bai sunkuyar da kai ba, ya kare abinsa.

Da ciwon ajali ya kama shi, malamin nahawun nan Nifɗawaihi ya je duba shi. Ya shaida masa cewa kallo ne, wanda shi yake ganin ya halatta, ya kai shi ga wannan hali, abin da ya hana shi ƙetare haddi kuwa wani hadisi ne da ke yi wa wanda ya yi so, ya kame, ya ɓoye, bushara. Hadisin nan malamai da yawa sun ƙi shi. Ibnul Ƙayyim ya soke shi ƙwarai, bai kuma yarda da halatta irin wannan kallo ba. Amma ko shi ɗin, da ya zo kan mutumin, cikin masu kamun kai ya ambace shi.

Ya rasu cikin watan Azumi na shekara ta 297, yana da shekara 42. Da labari ya kai wa Ibn Suraij, mutumin da ya goranta masa a gaban jama'a, sai ya ajiye rubutun da ke hannunsa, ya zauna karɓar gaisuwa. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.