Abu Zaid al-Balkhi

Abu Zaid Ahmad ibn Sahl al-Balkhi (an haife shi wajen shekarar 850, ya rasu a 934 Miladiyya) malami ne Musulmi daga ƙasar Khurasan, wanda ya yi rubutu a kan labarin ƙasa, falsafa, adabi, ilimin Alƙur'ani da kiwon lafiya. A da an fi saninsa da zanen taswirori. A wannan zamani kuwa sunansa ya fi fitowa saboda littafinsa Masalih al-Abdan wa al-Anfus, inda ya ɗauki tsoro, baƙin ciki, fushi da waswasi a matsayin cututtukan da ake iya magancewa, kamar dai zazzaɓi ko ciwon kai.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a ƙauyen Shamistiyan kusa da birnin Balkh, a arewacin Afganistan ta yau. Mahaifinsa malamin yara ne, ɗan asalin Sijistan. Yana saurayi ya bi ayarin mahajjata zuwa Iraƙi, inda ya shafe kimanin shekara takwas yana neman ilimi. Ya yi karatu a wurin Yaƙub ibn Ishaƙ al-Kindi, babban masanin falsafa na Bagadaza, ya kuma koyi ilimin taurari, likitanci da ilimin addini.

Komawa Balkh

Da ya koma gida sai ya kama koyarwa. Wajen shekarar 918, Ahmad ibn Sahl al-Marwazi, mai riƙe da mulkin Balkh a lokacin, ya yi masa tayin waziranci. Al-Balkhi ya ƙi, ya zaɓi aikin magatakarda. Marubuta tarihinsa sun ce an gayyace shi fadar Samaniyawa a Bukhara, nan ma bai je ba. Sun siffanta shi da mutum mai yawan shiru da tunani, amma gwanin alƙalami, har ana yi masa laƙabi da Jahiz na Khurasan. Cikin almajiransa akwai masanin falsafa Abul Hasan al-Amiri.

Littattafai

Ibn al-Nadim a littafinsa al-Fihrist ya lissafa masa littattafai sama da 40, sai dai yawancinsu sun ɓace. Wanda ya fi shahara shi ne Suwar al-Aƙalim, tarin taswirorin yankunan daular Musulunci da taƙaitaccen bayani. A kansa ne al-Istakhri da Ibn Hauƙal suka ɗora nasu ayyukan, shi ya sa masana ke kiran wannan salon zanen taswira da sunan makarantar Balkhi.

Lafiyar jiki da ta zuciya

Masalih al-Abdan wa al-Anfus ya kasu gida biyu. Kashi na farko, mai babi 14, yana magana ne a kan jiki: abinci, abin sha, barci, iska, wanka da motsa jiki. Na biyu, mai babi 8, ya shafi zuciya. Al-Balkhi ya soki likitocin zamaninsa da cewa sun mayar da hankali ga jiki kaɗai, alhali jiki da zuciya a sarƙe suke: ciwon jiki na hana tunani aiki, damuwa kuma na iya kwantar da mai ƙoshin lafiya. A ganinsa ma ciwon zuciya ya fi yawa, domin mutum na iya yin shekaru bai yi jinya ba, amma da wuya ya daɗe bai ji ɓacin rai ko fargaba ba.

Ya raba waɗannan cututtuka gida huɗu: fushi, tsoro da firgita, baƙin ciki mai tsanani, da kuma waswasi. Ya ce magani na zuwa ta hanya biyu. Akwai na waje, wato nasihar mutumin da mara lafiya ya amince da shi, domin ɗan Adam ya fi karɓar magana daga bakin wani, kuma wanda damuwa ta rufe ba ya ganin al'amarinsa sosai. Akwai kuma na ciki, wato tunanin da mutum ke tunkarar mugun tunani da shi. Ya ba da shawarar a tanadi irin wannan tunani tun ana cikin kwanciyar hankali, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo.

Game da tsoro, ya lura cewa mafi yawan abin da ake fargaba ba ya aukuwa, wanda ya auku kuma sau da yawa bai kai yadda aka zata ba. Ya kwatanta shi da hazo: daga nesa kamar bango, amma wanda ya shiga cikinsa sai ya tarar iska ce kawai. Ya kuma nuna cewa sabo na rage tsoro, kamar yadda likita ke sabawa da ganin rauni, matuƙin jirgin ruwa kuma da igiyar teku. Don haka ya ce mai tsoro ya riƙa tunkarar abin da yake gudu a kai a kai har zuciyarsa ta saba.

Game da baƙin ciki, ya bambanta wanda aka san dalilinsa, kamar mutuwar masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, ya raba shi da kuzari da jin daɗin komai. Na farko ana magance shi da magana da gyaran tunani. Na biyu kuwa ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar magani irin na likita tare da abin da zai faranta rai. Mai waswasi kuma, wanda tunanin mugun abu ke yi masa naci ba da sonsa ba, ya gargaɗe shi da zaman kaɗaici da zaman banza, ya shawarce shi da aiki da kusantar abokan kirki.

Rasuwa

Al-Balkhi ya ƙare rayuwarsa a ƙauyensu na Shamistiyan, inda ya mallaki gona. A can ya rasu a shekarar 322 bayan Hijira, daidai da 934.

Matsayinsa a yau

Littafin ya daɗe a rubutun hannu cikin tarin Ayasofiya a Istanbul. A 1984 Fu'ad Sezgin ya buga hotonsa a Frankfurt ta ƙasar Jamus. A 2013 masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, Malik Badri, ya fitar da fassarar kashi na biyu cikin Turanci, ya kuma nuna kamanninsa da maganin gyaran tunani da ɗabi'a, wanda ake taƙaitawa da CBT. Albert Ellis da Aaron Beck ne suka kafa wannan hanya a Amurka a shekarun 1950 da 1960. A cikinta ana koya wa mutum gane tunanin da ke rura masa damuwa, ya auna shi da gaskiyar abin da ke faruwa, sannan ya fuskanci abin tsoro mataki-mataki.

Akwai bambanci tsakanin ayyukan biyu. Al-Balkhi ya dogara ne da lura da kuma tsohon ra'ayin likitocin Girka na ruwayen jiki huɗu, wanda kimiyya ta bari. Hujjar cewa CBT na aiki ta fito ne daga gwaje-gwajen da aka yi da marasa lafiya a ƙarni na 20 zuwa yau, kuma a kansu ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara wajen ba da shawarar amfani da shi ga manya masu fama da fargaba, baƙin ciki mai tsanani, da firgicin da ke biyo bayan tashin hankali. Masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa a al'ummomin Musulmi kan kafa hujja da littafinsa wajen nuna wa jama'a cewa neman magani a kan damuwa ba baƙon abu ba ne, kuma ba abin kunya ba ne.