Musa Ɗan Maimun: Malamin Shari'a Kuma Likita (1138-1204)

An haifi Musa ɗan Maimun a birnin Kurɗuba ta ƙasar Andalus a shekarar 1138. Mahaifinsa alƙali ne na al'ummar Yahudawa, kuma a wurinsa ya fara karatu. Bayan da daular Muwahhidun ta ci birnin a shekarar 1148, sai zama ya gagari Yahudawa, iyalin suka yi ƙaura zuwa Fas, daga bisani suka yada zango a Fusɗaɗ ta ƙasar Masar. Da ƙanensa Dauda, wanda ke ɗaukar nauyin gidan, ya nutse a teku a kan hanyar fatauci zuwa Indiya, sai Musa ya riƙi aikin likita a matsayin sana'a, har ya zama likitan Alƙali Fadil, wazirin Sarki Salahuddin.

Haɗuwar ilmin shari'a da na magani a hannun mutum guda ita ce ta ɗaukaka shi. A cikin babban littafinsa na hukunce-hukunce, Mishne Tora, mai juzu'i 14, ya fayyace matsayin likita idan rai ya shiga haɗari. Yahudawa ba sa aiki ranar Asabar, amma ya tabbatar da cewa idan ƙwararren likita ya ce majinyaci na cikin haɗari, wajibi ne a keta wannan hani. Ko da likitoci sun saɓa, wani ya ce da haɗari wani ya ce babu, shakkar kanta ta isa hujja. Ya kuma ce manyan malamai ne za su yi aikin da hannunsu. Haka nan a ranar babban azuminsu, idan majinyaci ya ce yana bukatar abinci, maganarsa ta rinjayi ta likitocin da suka ce zai iya jurewa. Ke nan likita shi ke auna haɗari, malami kuma ya yanke hukunci, kuma duk inda aka yi kokwanto sai a karkata wajen tsirar da rai.

Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin da ya karanta Muktasar na Halilu a zaurukan Katsina, domin malaman Malikiyya sun wajabta wa majinyaci ajiye azumi idan ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Ibn Rushd, wanda shi ma ɗan Kurɗuba ne kuma tsaransa a zamani, alƙali ne kuma likita.

Musa ɗan Maimun ya rasu a Fusɗaɗ a shekarar 1204, aka kai gawarsa Ɗabariyya aka binne. Har yau malaman Yahudawa na komawa ga littafinsa idan tambayar lafiya ta taso.