Baba Simon, Mai Bishara Marar Takalmi

Karatu: Filibiyawa 2:5-11

In tafiya ta kai ka Garwa a arewacin Kamaru, ka daure ka wuce Marwa, ka bi hanyar Mora har Tokombere, a gindin duwatsun Mandara. A can akwai majami'ar Yusufu Mai Tsarki, da wani tudu da masu bi suke hawa domin addu'a, suna tunawa da Baba Simon.

Sunansa Simon Mpeke. An haife shi a 1906 kusa da Edeya, a kudancin ƙasar. A ranar 8 ga Disamba 1935 aka naɗa shi fada a ikkilisiyar Katolika, cikin 'yan Kamaru takwas na fari. Daga baya ya yi kiwon babbar ikkilisiyar New Bell a birnin Duwala, inda ya samu suna da daraja.

Amma a 1959, ya riga ya haura shekara hamsin, sai ya bar wannan duka ya nufi arewa, yankin da Bishop Yves Plumey na Garwa yake kula da shi. Ya zauna cikin mutanen dutse, su Mada da Zulgo da Muyang, waɗanda aka daɗe ana raina su. Ya riƙa hawan duwatsu ba takalmi, kamar yadda su ma suke yi. Ya ci abincinsu, ya saurari dattawansu kafin ya buɗe baki da wa'azi. Ya buɗe makaranta, ya yi ta roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su yi karatu. Ya kuma yi aiki tare da Likita Giuseppe Maggi, wanda ya kafa asibitin garin. Mutanen wurin ne suka raɗa masa suna Baba.

Ya rasu a Edeya ranar 13 ga Agusta 1975, a can aka binne shi. A 2023 Paparoma Francis ya amince da shaidar rayuwarsa.

Ɗan'uwa, su wane ne ake rainawa a garinka? Ka taɓa zama a tabarmarsu, ka sha ruwan randarsu? Wanda ka ƙi cin tuwonsa, da wuya ya saurari bishara daga bakinka.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, ka cire mini girman kai, ka kai ni wurin waɗanda aka manta da su. Amin.