Duane Jones: Malamin adabi da ya zama jarumin fim ɗin ban tsoro

A ranar 1 ga Oktoban 1968 aka fara haska wani fim marar launi a birnin Pittsburgh na ƙasar Amurka. Sunansa Night of the Living Dead, kuma wasu matasa masu sana'ar shirya tallace-tallacen talabijin ne suka haɗa kuɗi suka yi shi, ba tare da goyon bayan manyan kamfanonin Hollywood ba. Abin da suka kashe bai wuce kimanin dala 114,000 ba. Jarumin fim ɗin, Duane Jones, baƙar fata ne mai shekara 31, wanda a lokacin an fi saninsa a aji fiye da gaban kyamara.

An haifi Jones a shekarar 1937. Ya yi karatu a Jami'ar Pittsburgh, ya ƙaro ilimi a Sorbonne da ke birnin Paris, sannan ya yi digiri na biyu a Jami'ar New York. Kafin harkar fim ta same shi, ya taɓa zama a Jamhuriyar Nijar ƙarƙashin wani shirin musayar masana, kuma ya jagoranci sashen Turanci a makarantar Harlem Prep, wadda aka kafa domin matasan da suka bar karatu.

Mai ba da umarni George Romero bai rubuta rawar Ben domin baƙar fata ba. A rubutun farko, Ben direban babbar mota ne mai kaushin harshe. Romero ya sha bayyana cewa Jones ne ya fi kowa iyawa a gwajin 'yan wasa, shi ya sa aka ɗauke shi. Jones ya gyara kalaman da aka tsara masa, ya mayar da Ben mutum mai natsuwa da zurfin tunani.

Labarin ya ta'allaƙa ne kan mutum bakwai da suka ɓuya a wani gidan gona yayin da gawarwaki ke tashi suna cin naman rayayyu. Ben ne ke toshe tagogi da katako, shi ke tsara hanyar tsira, shi ke ba fararen fata umarni, har ya harbe ɗaya daga cikinsu da ya nemi ƙwace masa bindiga. A Amurkar wancan zamani, wadda ke fama da tarzomar wariyar launin fata, ganin haka a majigi ba ƙaramin abu ba ne. Ben kaɗai ya kai safiya da rai, amma da ya leƙo ta taga sai 'yan sintiri fararen fata suka ɗauke shi ɗaya daga cikin matattun, suka harbe shi a ka, suka jefa gawarsa cikin wuta. An kammala ɗaukar fim ɗin kafin kisan Martin Luther King a ranar 4 ga Afrilun 1968, amma 'yan kallo da yawa sun kalli wannan ƙarshe da wancan kisa a zukatansu.

Fim ɗin ya samo miliyoyin daloli, sai dai waɗanda suka yi wahalarsa ba su ci moriyar da ta dace ba. Lokacin da kamfanin rarrabawa ya sauya masa suna, an manta da sanya shaidar haƙƙin mallaka, abin da a dokar Amurka ta lokacin ya ba kowa damar kwafarsa ya sayar.

A 1973 Jones ya sake fitowa jarumi a Ganja & Hess na Bill Gunn, inda ya taka rawar Dakta Hess Green, masanin al'adu da aka soka da wata tsohuwar wuƙa, ya koma mai ƙishirwar jinin mutane. Marlene Clark ce ta fito a matsayin Ganja. An nuna fim ɗin a bikin Cannes na wannan shekara, ya kuma samu yabo, amma a gida aka datse shi aka sake masa suna domin kasuwa. Spike Lee ya sake shirya labarin a 2014. Jones ya kuma fito a Losing Ground na Kathleen Collins a 1982, da Beat Street a 1984, sai To Die For da ya fito bayan mutuwarsa.

Finafinansa ba su da yawa, domin koyarwa da wasan daɓe ne suka cinye mafi yawan rayuwarsa. Ya shugabanci sashen adabi a Kwalejin Antioch, ya jagoranci ƙungiyar Black Theater Alliance daga 1976 zuwa 1981, daga bisani ya koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Jihar New York da ke Old Westbury. Ya kasance mai guje wa hira game da rawar Ben, saboda ba ya son ɗalibansa su riƙa kallonsa a matsayin tauraron fim maimakon malaminsu.

Jones ya mutu a ranar 22 ga Yulin 1988 a Mineola da ke jihar New York, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 51. A 1999 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya Night of the Living Dead cikin finafinan da ƙasar ke adanawa saboda muhimmancinsu, jami'ar Old Westbury kuma ta sanya sunansa a wani zauren wasanninta.