Alick Isaacs da Ɗan Aiken da Ya Gano Cikin Ƙwan Kaza

A ƙauyukanmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in mace ta daɗe tana fama da kumburin gaɓoɓi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, sai a ce sanyi ne ya kama ta, ko amosani, in kuwa abin ya ƙi jin magani a shiga zancen sammu. Da wuya wani ya kawo a ransa cewa mai yiwuwa ne jikinta da kansa yake yaƙar ta. Nufina a wannan 'yar maƙala shi ne in kawo tarihin wani likita ɗan ƙasar Birtaniya, wanda ya gano ɗaya daga cikin sinadaran da ke hura wutar irin wannan yaƙi, ko da yake shi kansa bai san iyakar abin da ya tono ba har ya bar duniya.

An haifi Alick Isaacs ran 17 ga watan Yuli, 1921, a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan. Iyayensa Yahudawa ne, kakanninsa sun taso daga Lituwaniya. A jami'ar garinsu ya yi karatun likita, ya gama a 1944, amma hankalinsa bai kwanta ga duba marasa lafiya ba, ya fi karkata ga binciken ƙwayoyin cuta. A 1948 ya tafi Melbon ta ƙasar Ostireliya, ya zauna wurin wani babban malami mai suna Macfarlane Burnet. Wannan zama yana da muhimmanci ga zancenmu, domin Burnet shi ne ya shahara da tambayar yadda garkuwar jiki take rarrabe ɗan gida da baƙo, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1960. Bayan shekara biyu Isaacs ya komo Landan, aka danƙa masa cibiyar duniya ta binciken mura mai tsanani, a unguwar Mill Hill. Irin wannan mura ce tsofaffinmu ke kira marisuwa, wadda ta yi ɓarna a ƙasar Hausa a 1918.

To, akwai wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Sun lura in bairos guda ya riga ya shiga jikin dabba, sai ya hana wani bairos samun gindin zama. Yawancinsu sun ɗauka na farkon ne ke tare ƙofa, kamar yadda baƙon da ya riga sauka yake cika masauki. A 1956 wani matashin likita daga Suwizalan, Jean Lindenmann, ya zo Mill Hill, suka haɗa kai da Isaacs a kan wannan matsala.

Ga yadda suka yi. Sun sami ƙwan kaza wanda ɗan tsako ya fara kamawa a ciki, suka ciro tantanin da ke lulluɓe da shi, suka yayyanka ƙanana, suka zuba cikin ruwa a kwalabe. Sa'an nan suka kawo bairos na mura wanda aka gasa shi da zafi har ya kasa hayayyafa, suka haɗa shi da tantanin. Bayan ɗan lokaci suka wanke tantanin, suka mai da shi cikin sabon ruwa, suka bar shi ya kwana. Wannan ruwa na biyu, wanda babu bairos a cikinsa, shi suka jiƙa wani sabon tantani da shi, daga baya suka sakar masa bairos mai rai. Sai bairos ɗin ya kasa yaɗuwa yadda ya saba. Watau ke nan ba baƙon farko ne ke tare ƙofa ba. Ƙwayoyin jikin da aka taɓa su ne ke fitar da wani sinadari, ya tafi ya gargaɗi maƙwabtansu su shirya, tamkar kururuwar da akan yi in gobara ta tashi a unguwa. Suka raɗa masa suna intaferon, daga kalmar Turanci mai ma'anar katsalandan, suka buga sakamakon a 1957. Adalci ya sa a faɗa cewa wasu Japanawa biyu, Nagano da Kojima, sun hango alamar abin tun 1954, amma aikin Mill Hill ne ya fito da shi fili.

Mai karatu zai zaci daga nan sai yabo, amma ba haka ta kasance ba. Intaferon ɗan mitsitsi ne jiki ke yi, kuma shekara da shekaru aka kasa tace shi tsantsa a nuna wa jama'a. Wasu masana, musamman a Amurka, suka riƙa cewa ragowar bairos ce kawai ta ruɗe shi, har suka murɗa sunan ya koma na ba'a, mai nufin mummunar fahimta. Ga kuma wani cikas: an gano intaferon na kaza ba ya aiki a jikin mutum, saboda haka ba za a samo magani daga ƙwai ba. Gwajin da aka yi a 1962 ya nuna yana hana lambar agana kamawa a fatar mutum, amma abin da kamfanoni suka sa rai bai samu ba, sai gwiwarsu ta yi sanyi. Isaacs mutum ne mai fara'a da barkwanci, amma wannan hali ya taɓa shi ƙwarai, ya yi ta fama da ciwon damuwa. A farkon 1964 jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. Ya farfaɗo ya koma aiki, a 1966 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila. Ran 26 ga Janairu, 1967, ciwon ya dawo, ya rasu yana da shekara 45.

A ganina, abin da ya biyo bayan mutuwarsa ya fi abin da ya gani da idonsa ban mamaki. An gano cewa intaferon ɗaya ne cikin dangi masu yawa na irin waɗannan 'yan aike, waɗanda a 1974 aka haɗa su a suna guda, saitokayin. A 1980 aka sami hanyar sa bakteriya su yi intaferon na mutum da yawa, ya zama maganin ciwon hanta da wata irin sankarar jini. Masu ba'a suka yi shiru. Amma tun a 1979 wasu masu bincike a Amurka sun tarar da shi jingim a jinin masu cutar lufus, wadda a cikinta garkuwar jiki ke far wa fata da gaɓoɓi da ƙoda, kuma tara cikin goma na masu ita mata ne. Daga baya aka lura wasu daga cikin waɗanda ake yi wa allurar intaferon don wata cuta dabam sukan ɓullo da irin wannan ciwo.

Yadda abin yake shi ne, kullum ƙwayoyin jiki suna mutuwa ana share gawarsu. In sharar ba ta yi kyau ba, sai wasu masu gadi a cikin jini su ga tarkacen su ɗauka bairos ne, su saki intaferon. Shi kuma ya zuga masu ƙera makaman garkuwa, makaman su faɗa wa naman jiki, a sami sabon tarkace, a sake kururuwa. Ga gangami ya taru, babu gobara, sai aka shiga rushe gidan. Daga nan ne kumburi da zafi da gajiya suke fitowa. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna anifrolumab, wanda aikinsa toshe kunnen ƙwayoyin jiki ne don kada su ji wannan kira.

Nijeriya ma tana da hannu a zancen. A 1968 wani likita Bature, Brian Greenwood, da ke aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya rubuta cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a can, ya kuma yi zaton yawan zazzaɓin cizon sauro ne ke ɗauke hankalin garkuwar jiki. Daga 1970 ya yi shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sai dai likitocinmu na baya sun nuna lufus tana nan, sau da yawa gane ta ne ba a yi, kuma a Amurka ta fi kama mata baƙar fata. Wani abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, maganin da aka fi dogara da shi wajen lallaɓa ta ɗan'uwan kulorokwin ne, wannan dai mai ɗaci da muka sha muna yara, muka kwana muna susa. Ɗaya daga cikin ayyukansa a jiki shi ne hana masu gadin nan sakin intaferon.