Dakta Alois Alzheimer: Likitan da Ya Nuna Cewa Mantuwar Tsofaffi Cuta Ce

A wannan fitowa, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun kawo muku tarihin wani likita ɗan ƙasar Jamus da ya rasu fiye da shekara ɗari da suka wuce. Mun zaɓe shi ne saboda da wuya ka rasa unguwa a Katabu da ba a taɓa ganin tsoho ko tsohuwa da aka ce ta ruɗe ba. Wasu sukan kira abin gigin tsufa, wasu su ce sammu ne ko aljanu, wani lokaci har a jefi tsohuwa da maita. Wannan likita yana cikin waɗanda suka fara nuna cewa cuta ce da ke cin ƙwaƙwalwa.

Tasowarsa

An haifi Alois Alzheimer, wanda ake furta sunansa Alzaima, ranar 14 ga Yuni, 1864, a ƙaramin garin Marktbreit da ke yankin Bavaria. Mahaifinsa Eduard jami'i ne mai tabbatar da takardun yarjejeniya a shari'ance. Ya gama sakandare a garin Aschaffenburg a 1883, sannan ya karanta aikin likita a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg. Binciken da ya rubuta na kammala karatu a 1887 bai shafi ƙwaƙwalwa ba ko kaɗan, a kan ƙwayoyin da ke samar da dattin kunne ya yi shi. Amma a nan ya saba da madubin likita mai ƙara girman abin da ido ba ya iya gani.

A 1888 ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt, ƙarƙashin Dakta Emil Sioli. A wancan zamani ɗaure irin waɗannan marasa lafiya ake yi. Sioli da mataimakansa suka rage ɗauri, suka koma lallashi da hira da wanka da ruwan ɗumi. A nan Alzheimer ya yi abota da Franz Nissl, gwani wajen rina yankan ƙwaƙwalwa don ƙwayoyinta su fito sarai a madubi. Ya auri Cäcilie Geisenheimer, suka haifi 'ya'ya uku, ta rasu a farkon 1901.

Matar da ta manta sunanta

Ranar 25 ga Nuwamba, 1901, wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya kawo matarsa Auguste Deter asibitin. Shekarunta 51. Ta fara da zargin mijinta ba dalili, sai mantuwa ta biyo baya. Takan ɓoye kayan gida, ta kasa girki, ta rikice a cikin ɗakinta, ta yi ta ihu cikin dare. Washegari Alzheimer ya zauna da ita yana yi mata tambayoyi, yana rubuta amsoshinta ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna mata abubuwa ta faɗi sunansu, jim kaɗan ta manta an nuna mata. Da ya ce ta rubuta sunanta, ta fara, ta kasa ƙarasawa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne shekarunta ba su kai na gigin tsufa ba.

A 1903 ya bar Frankfurt ya koma aiki da Emil Kraepelin, babban malamin likitancin ƙwaƙwalwa, da farko a Heidelberg, daga baya a Munich. Duk da haka bai daina bibiyar halin da Auguste ke ciki ba. Da ta rasu ranar 8 ga Afrilu, 1906, aka aika masa da ƙwaƙwalwarta da takardun jinyarta. Ya tarar ƙwaƙwalwar ta motse. Da ya rina yankanta da sinadarin azurfa ya duba a madubi, ya ga abu biyu: wasu dunƙule-dunƙule da suka taru a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin da kansu. Ƙwayoyi da yawa kuma sun mutu. Har yau waɗannan alamu biyu su ne shaidar cutar.

Ranar 3 ga Nuwamba, 1906, ya gabatar da abin da ya gano a taron likitocin ƙwaƙwalwa a Tübingen. Ko mutum ɗaya bai yi masa tambaya ba, aka wuce zuwa jawabi na gaba. Bai karaya ba, ya buga bayanin a 1907, ya ci gaba da nazarin wasu marasa lafiya tare da Gaetano Perusini ɗan Italiya. A 1910 Kraepelin ya sa wa cutar sunan Alzheimer a sabon bugun littafinsa na koyar da likitoci.

Afirka ta Yamma ma tana da hannu a wannan aiki. Solomon Carter Fuller, wanda aka haifa a Monrovia ta Laberiya a 1872, ya yi aiki a ɗakin binciken Alzheimer a Munich daga 1904 zuwa 1905. A 1912, yana Amurka, ya buga cikakken bayanin cutar da Turanci, abin da ya taimaka wa likitocin da ba sa jin Jamusanci.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

A 1912 aka naɗa Alzheimer farfesa a Jami'ar Breslau, garin da yanzu ake kira Wrocław a ƙasar Poland. Rashin lafiya ya kama shi a jirgin ƙasa a hanyar zuwa can, ya taɓa masa zuciya, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu ranar 19 ga Disamba, 1915, yana da shekara 51, aka binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.

An daɗe ana ɗauka cutar ba ta da yawa, wai masu matsakaicin shekaru kaɗai take kamawa. Sai a shekarun 1970 likitoci suka yarda cewa ita ce dai ke haddasa yawancin ruɗewar tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon ruɗewa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 cutar Alzheimer ce. An ware 21 ga Satumba ta kowace shekara don wayar da kai a kanta.

A nan Najeriya, likitocin Jami'ar Ibadan da na Jami'ar Indiana sun bibiyi tsofaffi a Ibadan da baƙaƙen fata tsofaffi a birnin Indianapolis na Amurka. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna yawan masu kamuwa a Ibadan bai kai rabin na Indianapolis ba, kuma hawan jini da ciwon suga sun fi ƙaranci a tsakanin mutanen Ibadan. Darasin shi ne, yadda mutum ke rayuwa yana da tasiri a kan ƙwaƙwalwarsa.

Yaya za mu gane ta a gida?

Kowa yakan manta inda ya ajiye makulli, daga baya ya tuna. Wannan ba cuta ba ce. Abin lura shi ne idan kaka tana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa cikin awa guda, ko ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Haka nan idan kaka namiji ya ɓata a hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana zuwa, ko lissafin canji ya gagare shi alhali a kasuwa ya tsufa. Wasu sukan ajiye kaya a wurin da bai dace ba su ce jikoki sun sace, wasu sunan abu ya riƙa kuɓuce musu, wasu halinsu ya canja. Sukan tuna labarin ƙuruciya tsaf, su manta abin da ya faru da safe, domin cutar takan fara ne daga sashen da ke adana sabbin abubuwa.

Cutar a hankali take tafiya, wata da watanni. Idan tsoho ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a garzaya da shi asibiti, don yana iya zama zazzaɓi ne ko shanyewar ɓarin jiki ko matsalar suga. Ko mai tafiya a hankalin ma a kai shi likita ya duba, saboda ƙarancin sinadarin B12 da ciwon damuwa da wasu magunguna suna kawo mantuwar da ake warkewa. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzheimer ba, amma akwai masu sassauta alamunta na wani lokaci.

Abin da ya rage gare mu

Kula da ƙwaƙwalwa tun ƙuruciya ake fara shi. Karatu mai zurfi yana cikin abubuwan da ke rage haɗarin cutar, haka motsa jiki da nisantar taba da kayan maye. Duk mai hawa babur ya sa hular kwano, domin buguwar kai tana barin illa. Mu tuna wa iyayenmu su riƙa auna jini da suga, wanda jinsa ya ragu a kai shi a duba kunnensa. Kada a bar tsoho shi kaɗai a ɗaki yini guda, hira da zumunci suna motsa tunani.

Idan kuma cutar ta riga ta shigo gida, kada a ɗaure mai ita, kada a yi masa tsawa, kada yara su bi shi da dariya. In ya maimaita tambaya, a sake ba shi amsa. A sa masa takarda mai sunansa da lambar wayar wani ɗan gida a aljihu, a kuma lura da ƙofa, musamman mu da muke kusa da babbar hanyar Kaduna zuwa Zariya. Alzheimer ya zauna ya saurari matar da ba ta san shi ba, ya ɗauki kowace amsarta da muhimmanci. Kakanninmu da suka goya iyayenmu sun fi cancantar irin wannan haƙuri daga gare mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.